Na yi iskut ina yaro, dole sai na je horo kafin in riƙe yara?

Wani malamin makaranta a nan Maraɗi, ƙane ne a wurina ta shekaru da ta aiki, ya aiko da wannan tambaya. Daraktan lakwal ɗinsu ya danƙa masa yara arba'in ya ce ya kafa musu rundunar iskut, tunda an san ya yi iskut lokacin yana kwaleji. Ya ɗinka riga, ya ɗaura ƙyallen wuya, ya fara tara su ran Asabar. Sai wani ya ce masa ba a riƙe yara sai an je horo. Shi kuma yana ganin shekara shida ke nan yana koyarwa, ya iya ƙullin igiya, ya haddace doka da alkawari, to me ya rage da za a koya masa? Ya kuma tambayi ma'anar 'yan itacen nan biyu da yake gani a wuyan wasu manya.

Ƙanena, ka je horon. Ka je kafin ka kwana da yaran nan a waje ko da dare ɗaya ne. Zancen ƙullin igiya ka ajiye shi gefe, yaro ɗan shekara goma sha uku zai koya wa ɗan'uwansa shi a gindin dogon yaro kafin shayi ya nuna. Abin da za a yi fama da shi a jikinka wajen horo shi ne shekarun nan shida da kake ƙirgawa a matsayin jari. Ni ma alli na riƙe har na ajiye aiki, don haka ba gori nake maka ba.

Dubi yadda muke aji. Mushe yana tsaye, yara sittin ko saba'in suna zaune, shi ke magana, shi ke tambaya, shi ya san amsa, in hayaniya ta yi yawa ya buga tebur. Da wannan cunkoso ba mu da wata dabara. Iskut kuwa tun ranar farko a kan akasin haka aka gina shi. A watan Agusta na 1907, da Baden-Powell, sojan Ingila wanda ya kafa iskut, ya kwashi yara kusan ashirin ya kai su tsibirin Brownsea a kudancin Ingila, raba su ya yi gida huɗu, kowane gida ya ɗora yaro ɗaya daga cikinsu a kai, ya bar musu gadinsu da tsarin kwanansu. Wannan ƙaramin gida na yara shida zuwa takwas, wanda zan riƙa kira tawaga, shi ne ƙashin bayan abin gaba ɗaya. In ka cire shi, abin da ya rage aji ne da aka fitar tsakar rana aka sa masa riga mai aljihu biyu.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Leƙa kowace fada ta samari a unguwar Zariya ko Sabon Gari ko Bagalam nan Maraɗi da yamma. Babu wanda ya kafa musu ita, amma suna da shugaba, suna da mai riƙe kuɗin shayi, suna da suna, wani lokaci har da bangon da suka rubuta sunan a jiki. Yaro namiji in ya kai shekara goma sha biyu zai nemi gungunsa ko ka ba shi ko ka hana shi. Iskut ya ɗauki wannan ɗabi'a ne ya ba ta alkawari da doka da aikin yi, ya ajiye babba a gefe yana lura. To tsayuwar gefen nan ita ce ba a iya ta sai an koya, kuma malamin makaranta da tsohon soja su suka fi kowa shan wahalar koyonta.

Shi ya sa horon ya ɗauki siffar da yake da ita. An fara shi a watan Satumba na 1919 a Gilwell, wani fili kusa da Landan da wani attajiri mai suna Maclaren ya ba da kuɗi aka saya wa iskut. Yaƙin duniya na farko ya ƙare, ya cinye shugabanni da yawa, ga yara sun yi yawa babu masu riƙe su. Maimakon a zaunar da manya a ɗaki a yi musu lacca, sai aka raba su tawaga-tawaga kamar yara, suka kafa tantinsu, suka dafa abincinsu, shugabancin tawaga yana zagayawa a tsakaninsu. Har yau duk inda ake horo na ƙwarai a duniya haka ake yi, don babba ya ɗanɗana abin da yaro ke ji a ƙarƙashin ɗan'uwansa yaro.

Ban manta nawa ba. Na je ina da mata da 'ya'ya, ina kuma riƙe da ajin jarrabawa. Rana ta biyu shugabancin tawagarmu ya faɗa hannun wani saurayi mai koyon ɗinki, wanda in a gari ne sai ya rusuna zai gaishe ni. Ya raba aiki, ya ce ni ne da wanke tukwane. Na ji abin har cikin ƙashina. Daga baya shi da masu girki suka zabga ruwa a shinkafa, suka kuma cika wuta. Mai horar da mu yana zaune a kan kututture yana kallo, bai ce uffan ba. Ni na ga abin da zai faru, na miƙe zan karɓi muciya, sai ya yafuto ni da hannu ya ce in zo in zauna kusa da shi. Muka ci shinkafa rabi caɓe rabi ƙonanniya. Da dare aka zauna bitar yini, masu girkin da bakinsu suka faɗi inda suka kuskure, washegari kuwa abinci ya yi kyau ba tare da kowa ya yi musu faɗa ba. Da na karɓi muciyar nan, da mun ci abinci mai daɗi, da kuma har muka watse ni ne mai girki. Duk lokacin da na ga shugaba yana kafa wa yara tanti da hannunsa su kuma suna tsaye sun harɗe hannu, tukunyar nan nake tunawa.

Sai dai fa akwai iyaka, kuma sanin iyakar rabin horon ne. Ana barin yara su ƙona shinkafa. Ba a barin su su ƙona kansu. Shugaban da bai iya raba kuskuren da ke koyarwa da kuskuren da ke kai yaro gidan likita ba, bai shirya ba tukuna, ko shekararsa nawa.

Game da matakai, kowace ƙungiyar ƙasa ita ke tsara nata da sunayen da ta ga dama, amma ginin kusan ɗaya ne ko'ina. Akwai horon shiga, na 'yan kwanaki, inda ake bi da kai ta manufar iskut, doka da alkawari, rabon yara bisa shekaru, da ƙa'idojin kare yara. Akwai na tsakiya, a sansani, inda kake koyon tsara taron mako, shirin wata uku, tafiyar da majalisar jagororin tawaga da kuma fitar da yara. Sai na sama, wanda ake kira bajon itace, a takardunmu na Faransanci Badge de Bois. Shi wannan yana da ɓangaren nazari da rubutu, da zaman sansani na kamar mako guda, sannan ka koma rundunarka ka yi watanni kana aiwatar da abin da ka ɗauka wa kanka, a zo a gani da ido. Sai bayan nan ake rataya maka 'yan itacen a igiyar fata. Biyu na wanda ya kammala ne, uku na mataimakin mai horarwa, huɗu na mai horar da shugabanni. Asalinsu daga wani dogon abin wuya ne na Dinizulu sarkin Zulu, abin wuyan ya faɗa hannun Baden-Powell lokacin yaƙin 1888 a kudancin Afirka. Ina faɗa wa waɗanda nake horarwa wannan ba tare da kwaskwarima ba: ganimar sojan mulkin mallaka ce, kuma tun farko alamar girmamawa ce ta Afirka kafin ta je Ingila ta dawo mana. Ba na jin sanin haka ya rage wa kowa komai.

Wanda ke da ikon ba ka waɗannan a nan shi ne ƙungiyar Iskutun Nijar. Iskut ya shigo ƙasar nan a 1947, ƙungiyarmu ta shiga ƙungiyar iskut ta duniya a 1996, ofishin yankin Afirka kuma yana Nairobi a Kenya, ƙasar da Baden-Powell ya rasu a cikinta a 1941. Saboda haka hanya ita ce ka nemi kwamishinan iskut na jiha, ka sa a rubuta rundunarka da sunanka, ka tambayi lokacin horo na gaba. Galibi a hutun makaranta ake yi don malamai da ɗalibai su samu zuwa. Riga tela ke ɗinka ta, itacen wuya kowane masassaƙi zai fere maka, ba wanda zai tare ka a hanya. Amma ranar da wani abu ya samu ɗan mutane a hannunka, tambayar farko da za a yi ita ce wa ya ba ka izinin fita da su, kuma a ƙarƙashin wa kake.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi so ka ji. A taron iskut na duniya da aka yi a Baku ta Azarbaijan a 2017, an amince da manufar kare yara daga cutarwa, kuma akwai darussanta a intanet har da Faransanci, kana iya bi da wayarka kafin ma ranar horo ta zo. Ƙa'idojin ba su da wuyar faɗa. Babba ba ya keɓewa da yaro ɗaya inda ba a ganinsu. Ba a fita sai da manya biyu aƙalla. Manya ba sa kwana ɗaki ko tanti ɗaya da yara. In akwai 'yan mata, sai da shugaba mace wadda ita ma ta yi horo, ba ƙanwar wani da aka roƙa ta raka su ba. Wuyar tana wajen sauko da su ƙasar Maraɗi, domin abubuwa da yawa da muka tashi muka tarar ba ma ɗaukarsu a bakin komai. Ka aiki yaro gidanka ya kai wa uwargida cefane. Ka goya yarinya a babur bayan taro don gidansu da nisa. Ka karɓi lambar wayarta kuna gaisawa a WhatsApp da dare. Ka sa wanda ya makara tsallen kwaɗo a rana, ko ka tsula masa igiyar usur. Ka ɗora hotunan yara a Facebook ba ka tambayi iyayensu ba. Kowane ɗaya daga cikinsu wani zai ce ai ba komai, niyyata ƙalau. Ana iya yarda da niyyarka. Amma wanda niyyarsa ba ƙalau ba, ta waɗannan ƙofofi yake shiga, kuma in mai gaskiya ya saba barin su a buɗe, ba yadda za a gane marar gaskiya. Dokar tana kare yaro, tana kuma kare ka daga zargin da in ya manne maka a garin nan ba sabulun da zai wanke shi.

Ana kuma koya maka abin da za ka yi in yaro ya zo ya gaya maka wani ya taɓa shi ko ana cutar da shi a gida. Ka saurara, kada ka tsare shi da tambayoyi kamar ɗan sanda, kada ka yi masa alkawarin ba za ka faɗa wa kowa ba, kada kuma ka je ka tunkari wanda ake zargi da kanka. Ka rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi, ka kai wa wanda ƙungiya ta ɗora wa wannan aiki. Al'adarmu ta rufin asiri tana da kyau a wurare da yawa, a nan kam ita ke sa a sauya wa mutum runduna ya je ya ci gaba a wata unguwa.

Sai sansani. Mai horarwar da ya san Maraɗi zai daɗe da ku a kan ruwa, ta fuska biyu. Ta farko na sha. Ma'aunin da masu aikin agaji ke bi shi ne lita 15 ga kowane mutum a yini, sha da girki da wanka. Yaranka arba'in lita 600 ke nan, jarka 24 mai lita 25, kullum, ba a sa manya ba, ba a sa alwala ta isasshe ba. In ba ka lissafa wannan ba ka yi magana da mai amalanke ko 'yan garuwa tun kafin tafiya, za ka ga yara suna ɗiban ruwan tafki. Cutar kwalara da ta ɓarke a 2018 daga yankin Madarumfa ta fara, don haka ƙwayar tsarkake ruwa da sabulu suna gaba da tuta a jerin kaya. Masai a haƙa shi nesa da rijiya, mita 30 aƙalla, ɗaya ga mutum ashirin. Fuska ta biyu ita ce gulbi. Yashinsa yana da daɗin kwana, ga inuwa, ga lambuna, sabon shugaba da ya gani sai ya ce ga wurin sansani. Amma Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake tasowa, ya biyo ta Jibiya, ruwa yana iya isowa cikin dare alhali a nan ko ɗigo bai sauka ba. Kakanninmu ba don sha'awa suka bar tsohon gari suka hau tudu ba, ambaliyar 1945 ce ta tashe su. Da damina ba a kafa tanti a cikin gulbi ko wata ƙorama, komai bushewarta.

Babban hutu kuma, lokacin da muka fi samun damar fita, shi ne lokacin sauro. Gidan sauro dole ne, yaron da ya yi zazzaɓi a kai shi gidan likita a gwada jininsa, ba shugaba ya zama mai rabon ƙwayoyi ba. Kafin tafiya ka sa kowane uba ya rubuta ko ya faɗa maka in ɗansa yana da sikila ko asma ko farfaɗiya, domin da yawa ba za su faɗa ba sai an tambaye su a keɓe. Cikin Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, ba a yin doguwar tafiya tsakar rana, a yi ta bayan asuba. Saran maciji ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau da igiya, a hana ƙafar motsi a ɗauki yaron zuwa likita. Taimakon gaggawa da hannu ake koyonsa ba da karatu ba, in horon da ka samu bai ba shi isasshen lokaci ba ka nemi na Kuros Ruj ka ƙara. Ka san kuma tun kafin ka sauke kaya wane gidan likita ne mafi kusa, da me za ka kai yaro can ƙarfe biyun dare.

Batun tsaro ba sai na tsawaita ba, kai ma a garin nan kake. Wuraren da muka saba zuwa da, wajen dajin Baban Rafi da wasu ƙauyukan bakin iyaka a Madarumfa da Gidan Rumji, 'yan bindiga sun sa ba a kai 'ya'yan mutane can kwana. Filin makaranta mai katanga a cikin gari ko kusa da shi ya isa sansanin farko. Duk inda za ka, hukuma ta sani a rubuce, jandarma ko 'yan sanda su sani, ka kuma je ka gaida maigari ko mai unguwa tun kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai darasin da ba ya cikin kowace takarda amma tsofaffin shugabanni za su ba ka shi da dare a bakin wuta, shi ne yadda ake shiga zauren uban yaro. Za ka haɗu da mai cewa iskut abin Nasara ne, ko hanyar lalata yara ce. Kada ka yi musu. Ka tambaye shi, in ya sauke farali, ko ya ga samarin nan masu ƙyallen wuya a Mina suna mai da alhazan da suka ɓata zuwa tantinsu. Iskut ne na Saudiyya, kowace shekara suna wannan aiki. Ƙasar da ta fi kowace yawan iskut a duniya kuwa Indonesiya ce, ƙasar Musulmi. Amma hujjar da ta fi wannan ƙarfi ita ce jadawalinka: uba ya ga an rubuta lokutan salla a ciki, ya ga taron Asabar bai ci lokacin makarantar allo ko Islamiyya ba, ya ga ɗansa ya dawo gida kafin magariba kamar yadda ka ce. In akwai yara Kirista a cikinsu, su ma a ba su lokacin ibadarsu, alkawarin iskut bai ce kowa ya bar addininsa ba.

Ka yi hattara da fareti. Yara suna son sa, iyaye suna tafi, hukuma tana gayyatarku ranar biki, sai shugaba ya wayi gari duk Asabar hagu-dama ake yi. Waɗanda suka ga samariya a zamanin Seyni Kunce sun san yadda ƙungiyar matasa ke komawa ta tarbar baƙi da jera kujeru in ba a yi hankali ba. Minti goma na jeruwa da ɗaga tuta sun isa. Sauran lokacin na tawaga ne.

Zancen kuɗi, gara in faɗa maka tun yanzu. Ƙungiyoyin agaji da suka cika jihar nan sun saba wa matasanmu da cewa duk inda aka ce horo akwai kuɗin zama, a sa hannu a karɓi ambulan. Na sha ganin saurayi ya zo rana ta farko yana tambayar nawa ake bayarwa, da ya ji shi ne ma zai kawo gudummawar abinci, washegari ba a sake ganinsa ba. Ban riƙe shi a zuci ba, zamani ya yi tsanani, kuma jika biyu ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ba ya da albashi. Amma aikin nan na sa kai ne, Bahaushe kuwa ya riga ya ce sa kai ya fi bauta ciwo. In daraktanku da gaske yake, ya sa makaranta ko ƙungiyar iyayen yara su ɗauki nauyin zuwanka, tunda su suka nema. Kuɗin da yara ke tarawa kuma kada ya kwana a aljihunka. A samu littafi, a samu ma'aji daga cikin iyaye, kowace dala a rubuta ta. Rundunonin da na ga sun watse, rigimar kuɗin sansani ta kashe fiye da waɗanda rashin yara ya kashe.

In Allah ya kai ka matakin bajon itace, za a ce ka zaɓi aikin da za ka aiwatar. Kusan kowa dashen itace yake cewa, saboda 3 ga Agusta, ranar dashen itace ta ƙasa. Ba na hana kowa, sai dai ina tambaya wa zai ba su ruwa a watan Maris, wa zai kare su daga awaki. Shawarar da nake bayarwa ita ce a kai yara gonar wani manomi ya koya musu sassabin zamani. A jihar nan aka fara shi a 1983, lokacin da Tony Rinaudo, wani ɗan Ostareliya, da manoman karkarar Maraɗi suka lura cewa kututturan da ake sassabewa duk shekara suna da rai a ƙasa, in aka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi aka rage sauran, sai su tashi su zama itace. Gawo da kalgo da sabara da ka gani sun dawo gonaki, yawancinsu ta haka ne. Wuƙa kawai ake bukata, babu ban ruwa. Kowace tawaga ta ɗauki kututture goma ta sa musu alama, ta riƙa auna tsawonsu duk wata. Ga amfani na biyu: yaran birni za su ga manomin da bai yi lakwal ba yana koya wa mushensu abu, kai kuma ka sake samun damar yin shiru.

Abu ɗaya game da adadin yaranka. Baden-Powell da kansa ya ce runduna kada ta wuce yara 32, dalilinsa kuwa shi 16 yake iya sani ɗaya bayan ɗaya, ya ninka ne don ya ɗauka wani zai fi shi iyawa sau biyu. Kai kana da arba'in kai kaɗai. Saboda haka kada ka je horon nan kai ɗaya. Nemi mutum biyu, ba lallai malamai ba, ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ko wani mai sana'a a unguwa wanda iyaye suka yarda da shi, da mace in akwai 'yan mata. Kai ma'aikacin gwamnati ne, takarda ɗaya za ta iya mai da kai Dakoro ko Mayahi a farkon shekara, kuma na ga runduna da yawa da suka mutu ranar da aka ɗauke mutum ɗaya. Tun 1993 ƙungiyar duniya ta tsara cewa a riƙa ba babba aiki na ƙayyadadden lokaci, a zauna da shi a duba, sannan a sabunta ko a sauya masa aiki ko ya huta. Mu nan mun fi iya naɗawa a kan saukewa, har da mu tsofaffi da ba ma son sakin usur.

Kafin ranar horo ta zo ba sai ka sallami yaran ba. Ku ci gaba da haɗuwa a filin makaranta da rana, ba kwana, ba fita gari. Asabar mai zuwa ka bar su su raba kansu tawaga biyar ta mutum takwas-takwas, abokai su bi abokai, kada ka raba su da rajista. Kowace tawaga ta zaɓi jagoranta da sunanta. Wataƙila ba za su zaɓi na ɗaya a aji ba, su zaɓi wanda kai kake gani fitinanne, ka bar musu. Daga nan ka riƙa zama da jagororin nan biyar rabin awa kafin kowane taro, ka nuna musu abin da za a yi, su je su koya wa nasu. Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta duk abin da ya gagara, da duk lokacin da ka kasa daurewa ka karɓe aiki daga hannun yaro. Littafin nan ka zo da shi wajen horo, da tabarma da gidan sauro da kwanon cin abincinka.